Yadda Kwalambait Da Tantalait Ke Shiga Na'urorin Gwajin Jini

Bauchi: Kwalambait da tantalait da ake haƙowa tare da kuza a Ƙaramar Hukumar Toro ta Jihar Bauchi da kuma duwatsun Jos, ma'adinai ne da ake sayarwa ɗanye a buhu, alhali kuwa babbar ribarsu tana wajen masu tacewa a ƙasashen waje.

A shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait. Daga baya Barazil ta karɓe kasuwar ƙarfen niyobiyam da ake samu daga gare shi. Shi kuwa ƙarfen tantalam, Kwango da Ruwanda ne manyan masu haƙo shi.

Idan an tace waɗannan ƙarafa aka haɗa su da iskar oksijin, sai su zama abin da masana ke kira oksaid. Ana shimfiɗa oksaid ɗin a kan ɗan gilashi, shimfiɗa marar kauri ƙwarai, wadda silin gashi ya fi ta kauri sau ɗaruruwa. Da yake ma'aunin karya haske na wannan oksaid ya haura 2, na gilashi kuwa kusan 1.5 ne, hasken leza da aka cusa cikinta ba ya tserewa, sai ya bi ta kamar yadda ruwa ke bin lambatu. Wannan ita ce hanyar haske.

Amfaninta shi ne, wani ɗan kaɗan daga hasken yana leƙowa saman shimfiɗar. Duk abin da ya manne a wurin zai sauya tafiyar hasken, na'ura kuma ta auna sauyin. Ta haka ake gano alamar cuta a cikin ɗigon jini.

Sai dai akwai matsala. Jini cike yake da furotin iri-iri, waɗanda ke mannewa a kan oksaid nan da nan, har su ɓata sakamakon gwajin. Don magance haka, a shekarar 2000 masana a cibiyar fasaha ta ETH da ke Zurik, a ƙasar Suwizalan, suka bayyana wani shafe mai suna PLL-g-PEG. Ƙirarsa kamar ta buroshi ce: gindinsa yana da cajin lantarki da ke sa ya kama oksaid da kansa idan an tsoma gilashin cikin ruwansa, gashinsa kuma yana riƙe ruwa, ya hana furotin sauka. A kan wasu daga cikin gashin ne ake ɗaura abin da zai kama alamar cutar da ake nema kaɗai. Oksaid na niyobiyam da na titaniyam suna cikin waɗanda aka gwada shafen a kansu.

Abin lura ga ɗan kasuwa, ko a Ɗan Iya yake cikin garin Bauchi ko a Jos, shi ne inda kuɗin yake. Oksaid ɗin da ke kan kowane gilashi bai kai nauyin ƙwayar gero ba. Abin da mai saye ke biya shi ne tsarkin tacewa da ƙwarewar shafawa. Wanda ya sayar da ma'adini ɗanye ya sami kaso mafi ƙanƙanta, sa'annan asibitocin ƙasar su sayo kayan gwaji da kuɗin waje.

A shekarar 2024 Ministan Ma'adinai, Dele Alake, ya bayyana cewa za a nemi masu neman lasisin haƙa su nuna shirinsu na sarrafa ma'adinan a cikin gida. Matakin farko ga masu jari shi ne auna yawan ƙarfen da ke cikin kowane kaya kafin a yi ciniki, da kuma raba kwalambait da kuza yadda ya kamata, domin a kan wannan awon ne masu saye na waje ke yanke farashi.