Haruffa Masu Ƙugiya da Na'urar Rubutu

Jama'a, baƙi ba baki ba ne, ƙafa kuma ba kafa ba ce. Ƙugiya guda ita ke raba waɗannan ma'anoni. Tun shekarun 1930 aka tsayar da ɓ, ɗ da ƙ a rubutun boko, a Jamhuriyar Nijar kuwa har da ƴ. Amma tafiretar da aka kawo mana an ƙera ta ne domin Turanci, saboda haka magatakarda a Birnin Kudu ko Gwaram sai ya buga takarda, sannan ya ɗauki alƙalami ya bi kowane harafi yana lanƙwasa shi. In ya manta, ɗaki ya zama daki.

Yau wannan uzuri ya ƙare. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa. A cikin Microsoft Word, buga 0199, sannan danna Alt da X tare, sai ƙ ta fito. 0253 na ba da ɓ, 0257 kuwa ɗ. Malamin da ke buga wa ɗalibai jarrabawa ya kula, domin abin da yaro ya gani a rubuce shi zai ɗauka daidai.