RAHOTON MUSAMMAN: Ga madatsun ruwa, ga shinkafa na ƙishi

Shinkafa shuka ce mai shan ruwa. Masana a Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke ƙasar Filifin sun ƙiyasta cewa ana zuba wa gona kimanin lita 2,500 na ruwa kafin a samu kilo ɗaya na shanshera. Da damina ruwan sama ke ɗauke wannan nauyi. Da rani kuwa manomi ba shi da madogara sai dam ko injin ban-ruwa.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'adda shinkafa ta ɗauki ciki ta fara fure. Ga wanda ya yi dashe a Janairu ko Fabrairu, wannan kan faɗo ne a Maris zuwa Afrilu, daidai lokacin da zafi ya tsananta, ruwa kuma ya ja baya. 'Yan kwanaki na ƙishi a wannan gaɓa sun isa su mayar da zangarniya ƙaiƙayi, bayan an riga an kashe kuɗin iri da taki da ƙwadago, galibi da bashi.

Ba rashin madatsu ne matsalar ba. An kammala dam ɗin Tiga a Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, shi ke shayar da gonakin Kadawa, Kura da Bunkure. A 1976 aka kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, sannan Bakolori, Goronyo, Dadin Kowa da Challawa suka biyo baya. Abin da ya gaza shi ne hanyar da ruwa zai bi daga dam zuwa gona.

Shekara da shekaru yashi da laka na taruwa a cikin madatsun suna rage abin da suke iya riƙewa. A farkon 2018 ruwan Goronyo ya ja baya ƙwarai, har hankalin manoman Sakkwato ya tashi. Kanal-kanal sun tsattsage, ƙofofin sakin ruwa sun lalace, ta yadda na kusa da bakin ruwa ke sha su ƙoshi, na ƙarshen layi su kwana suna gadi, wani lokaci har rigima ta ɓarke. A kwarin Haɗeja zuwa Nguru, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wata gonar ta nutse, wata ta ƙeƙashe.

A fadamun Kebbi, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Nuwamban 2015, akasarin manoma da rijiyar burtsatse da injin fetur suke ban-ruwa. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Wasu suka rage faɗin gona, wasu suka mayar da injinansu na gas, masu hali suka koma hasken rana. Wanda ya gaza duka, sai ya rage ban-ruwa, amfani ya ragu.

An yi yunƙurin gyara. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da dala miliyan 495, ya gyara kanal a Bakolori, Kano da Haɗeja, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin manoma su riƙa karɓar kuɗin ruwa suna kula da ƙananan magudanai. A 2024 bankin ya amince da wani sabon shiri, SPIN, na dala miliyan 500. Sai dai kuɗin rance gyara yake yi sau ɗaya. Kulawa ta kowace shekara aikin kasafin gwamnati ne.

A nan maganar ta iso teburin ma'aikatan Abuja. Sabon dam yana da bikin aza harsashi da na yanke kyalle, amma yashe kanal ba shi da ko ɗaya, shi ya sa yake zama saniyar ware wajen rabon kuɗi. Kuma ko an ware, lokacin sakin kuɗin na da muhimmanci: yashewa aiki ne na bayan girbin damina, kafin a saki ruwan rani. Kuɗin da ya fito a Afrilu ya tarar da zangarniya ta riga ta bushe.

Akwai kuma dabarar da ba ta buƙatar kwangila. Maimakon barin ruwa kwance a gona kullum, ana bari ya tsotse na 'yan kwanaki kafin a sake zubawa, ban da lokacin fure. Cibiyar ta Filifin ta nuna hakan na iya rage ruwa da kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da amfani ya ragu ba. Isar da wannan ga manomi aikin malaman gona ne, waɗanda su ma sun yi ƙaranci.

Duk jami'in da takardar noman rani ta biyo ta ofishinsa, ya dace ya nemi amsar abu uku: nawa aka ware wa kula da kanal, yaushe kuɗin zai fita, kuma ko ruwa zai kai gonar ƙarshe. Farashin buhun shinkafa a kasuwar Wuse ya rataya ne a kan waɗannan amsoshi.