A Jajimaji, akurki ake ginawa kafin a sayi kaza

Da yawa daga ma'aikatan gwamnatin tarayya 'yan asalin arewacin Yobe sukan aika kuɗi gida domin a saya wa uwa ko matar aure kaji, ta samu ƙwan sayarwa da na ci. Kuɗin yakan ƙare wajen sayen kajin, a bar maganar makwancinsu sai daga baya. A Jajimaji, hedkwatar ƙaramar hukumar Karasuwa da ke kan hanyar Gashua zuwa Nguru, wannan jinkirin ne ke cinye jarin sabon mai kiwo.

Abu na farko da ke kashe kaji a nan shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, kuma kaza ba ta gumi, haki take yi domin ta sanyaya jikinta. Akurkin da aka rufe da kwano zalla yakan zama tanderu da tsakar rana. Saboda haka ana so a gina shi a inuwar darbejiya, tsawonsa ya miƙe daga gabas zuwa yamma, a shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon, a bar gefuna biyu da ragar waya iska ta riƙa ratsawa. Kada a cusa fiye da kaji uku ko huɗu a kowace murabba'in mita. Ruwan sha kuwa a ajiye shi a kaskon ƙasa, a sauya shi safe da yamma.

Na biyu shi ne maƙiya. Shaho da shirwa suna ɗaukar 'yan tsaki da rana, muzuru da gafiya da maciji suna shiga da dare. Maganinsu raga mai ƙananan idanu, wadda za a rufe samanta, a binne gindinta kimanin santimita 30 a ƙasa, da ƙofa mai sakata. A ɗaga daɓen sama da ƙasan tsakar gida saboda ruwan damina, a zuba buntun shinkafa, wanda ba ya wuya a yankin Gashua, a kwashe shi da zarar ya jiƙe.

Na uku, wanda ya fi ɓarna, shi ne cuta. Cutar Newcastle takan tsananta da hunturu, tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa rigakafinta, har da nau'in da ke jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido. Jami'in lafiyar dabbobi ne zai tsara lokutan maimaitawa. Duk kazar da aka sayo a kasuwa kuma a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida.

Yankin yana da wani haɗari nasa. Dausayin Haɗeja da Nguru, har da mafakar tsuntsaye ta Dagona, masauki ne na tsuntsayen ruwa da ke tasowa daga Turai duk shekara, kuma irinsu na iya ɗauko murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006. Don haka a ajiye tsaba da ruwan kaji a cikin akurki, a raba su da agwagi. Idan kaji suka fara mutuwa bi da bi, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa. A sanar da ofishin lafiyar dabbobi.

Mai aiko da kuɗi daga Abuja zai fi cin riba idan ya raba aiken gida biyu: na farko na akurki da rigakafi, na biyu na kaji biyar zuwa goma. In sun tsallake hunturu da bazara ɗaya lafiya, sai a ƙara.