Ƙanƙantar Tabo Ba Warkewa Ba Ce

A watan Janairun 2018 aka yi wa Andy Murray, gwanin tanis na Birtaniya, tiyatar kwatangwalo a Ostareliya. 'Yan ƙananan ƙofofi likita ya huda, ya zura siririyar kyamara, ya gyara gaɓar. Fata ta haɗe da wuri, amma ciki da saura. Ya koma fili a watan Yuni, ciwo bai rabu da shi ba. Sai da aka sake aiki a Janairun 2019, aka lulluɓe kan ƙashin da ƙarfe. Cikin Oktoba ya ci kofi a Beljiyam.

To, samarinmu masu buga ƙwallo a Tamale, kada ƙaramin tabo ya ruɗe ku. In likita ya ce a jira, a jira. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.