Abin da mai gida zai shirya kafin ya ba magini aikin ƙarin ɗaki

Sau da yawa rigimar mai gida da magini tana samo asali ne tun ranar ciniki, idan aka yi jinga da baki kawai.

Kafin a sauke yashi, mai gida ya nemi izinin hukumar tsara birane ta jiharsa, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, domin ana iya rushe ginin da aka ƙara ba izini. Idan bene za a ɗora, sai injiniya mai rajista da COREN ya duba ko harsashin zai ɗauki nauyin. Maganar birkila kaɗai ba ta isa a nan ba.

Sannan a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: wa zai sayo siminti da rodi, bulo mai inci 9 za a sa ko mai 6, wa kuma zai cika idan farashi ya tashi. A biya kuɗin aiki mataki-mataki, daga harsashi zuwa linta, rufi da shafe, kada kafin alƙalami ya wuce na matakin farko.

Kankare yakan kwana 28 kafin ya yi ƙarfin da ake bukata. A sa wannan cikin lissafi, ko da ɗakin amarya ake gaggawa.