Rumbu Cike da Masara, Mai Ciki Ba Jini

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur, akwai maganar da nake ji a bakin 'yan birni tana ɓata mini rai: wai mutanen Doguwa da Tudun Wada ba ruwansu da tsadar rayuwa, tunda su ke noma masarar da ake lodi zuwa kasuwar Dawanau. Mai faɗin haka rumbu ya gani, bai leƙa tukunyar miya ba.

A gidaje da yawa tuwo na nan, miyar ce ta tsinke. Wake da waken suya da ƙwai, har ɗan akuyar da ake kiwo, sun tafi kasuwar Kwanar Ɗangora don a biya bashin taki. In an dace da tsoka ɗaya, kwanon maigida ake fara sa wa.

Ita kuwa mai juna biyu jini take haɗawa. Kafin ta haihu, jinin jikinta kan ƙaru da kusan rabi, kuma ba ya haɗuwa sai da sinadarin ƙarfe, wanda masara ba ta da shi da yawa. Idan ya yi ƙaranci, sai jinin ya zama kamar kunun da aka tsinka da ruwa don ya ishi baƙi: ƙwarya ta cika, kauri babu. Ɗan tayi kuma ba ya jira, daga jikin uwar yake ɗiba, kamar gonar da ake nomawa kowace damina ba a kai mata taki. Daga nan sai jiri da haki, ido ya yi fari fat. Ranar haihuwa, jinin da wata za ta zubar ta miƙe, ita yana iya kai ta kushewa.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 61 cikin 100 na masu ciki a Nijeriya na da ƙarancin jini. Lokacin ma litar fetur ba ta kai naira 200 ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha ƙwayar ƙarin jini kullum. Amma a wajen awo ake bayarwa, kuɗin babur daga ƙauyukan Kiru ko Bebeji zuwa asibiti kuma ya ninka. Hukumomi sun fi son rabon shinkafa a gaban kyamara, alhali shinkafa ƙanwar masara ce a wannan fanni.

Zogale da rama da daddawa dai ba su fi ƙarfin talaka ba. A yawaita su a miyar mai ciki, a bar mata mudun wake kafin a ɗaure buhu, shayi kuma ta jinkirta shi bayan cin abinci, domin yana hana hanji tsotse ƙarfen.