Rasa Aiki da Neman Sabuwar Sana'a: Abin da Kimiyya Ta Gano

Gabatarwa

A shekarar 1957 masaƙar Kaduna Textiles Limited ta fara aiki a Kakuri, cikin garin Kaduna, bisa haɗin guiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da wani kamfanin Ingila. Wasu masaƙu suka biyo bayanta, har Kakuri ta zama unguwar da dubban magidanta ke cin abinci daga zare da yadi. A 2002 injunan wannan masaƙa suka tsaya, a 2007 kuma babbar masaƙar UNTL ta rufe ƙofofinta. Ƙarancin wutar lantarki da tsufan injuna da kwararowar atamfa mai araha daga Asiya ta hanyar fasa-ƙwauri suna cikin dalilan. Ma'aikata da yawa sun shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu, wasu suka koma acaɓa, wasu gona, wasu kuma suka zauna gida.

Kowa ya san wanda aka sallama daga aiki ya rasa albashi. To amma albashi ne kaɗai ya rasa? Masana zamantakewa da halayyar ɗan Adam da tattalin arziki sun kusa shekara ɗari suna bin wannan tambaya, amsar da suka samu kuwa ita ce ke nuna hanyar da mutum zai bi ya farfaɗo.

Ƙauyen da aiki ya ƙare masa

Binciken da ya aza harsashin wannan fanni shi ma a kan masaƙa aka yi shi, amma a ƙasar Ostiriya ta nahiyar Turai. Marienthal ƙaramin ƙauye ne kusa da birnin Biyenna, wanda kusan kowane gida a cikinsa ya dogara da masaƙa guda. Tsakanin 1929 da 1930, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, aka rufe ta. Daga cikin iyalai 478 na ƙauyen, kimanin kashi uku cikin huɗu suka koma rayuwa da ɗan tallafin da hukuma ke ba marasa aiki.

A ƙarshen 1931 wasu matasan masana, cikinsu da Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel, suka duƙufa kan nazarin ƙauyen, suka buga sakamakon a 1933. Ba su tsaya ga tambayar mutane halin da suke ciki ba, sai da suka auna abubuwan da ake iya ƙirgawa. Suka duba rajistar laburaren ƙauyen, suka tarar aron littattafai ya ragu da kashi 49 cikin ɗari tsakanin 1929 da 1931, duk da an soke kuɗin aro, kuma mutane sun sami lokacin karatu fiye da da. Suka laɓe a taga suna auna saurin tafiyar masu wucewa a babban titin ƙauyen, suka ga maza suna jan ƙafa suna tsayawa a kai a kai, mata kuwa suna wucewa da hanzari. Suka raba takardu don kowa ya rubuta yadda ya yi da sa'o'in yininsa, sai maza da yawa suka kasa tuna abin da suka yi tsakanin tashi daga barci da cin abincin rana.

Bambancin maza da mata yana da ma'ana. Matan su ma sun rasa aikin masaƙa, amma girki da wanki da renon yara sun ci gaba da raba musu yini gida-gida. Mazan kuwa jiniyar masaƙa ce agogonsu, da ta yi shiru sai yinin ya zama fili fetal, babu farko babu ƙarshe.

Bayan kusan shekara hamsin, a wani littafi da ta buga a 1982, Jahoda ta bayyana cewa baya ga kuɗi, aiki yana ba mutum abubuwa biyar da ba ya lura da su sai ya rasa su. Na farko tsarin lokaci, na biyu cuɗanya da mutanen da ba na gidansa ba, na uku shiga cikin wata hidima da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, na huɗu matsayi da sunan da ake kiransa da shi a gari, na biyar kuma abin yi na yau da kullum. Takardar sallama guda ɗaya takan tafi da duka biyar ɗin a rana ɗaya. Wannan ba ya rage muhimmancin kuɗi, domin a Marienthal ma iyalan da suka fi ƙarancin abin hannu su ne suka fi saurin yanke ƙauna.

Abin da ke faruwa a jiki

Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, takan aika saƙo zuwa wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune bisa ƙoda, su kuma su saki sinadaran adirinalin da kotizol cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, sukari ya ƙaru a jini, jiki ya yi shirin gudu ko faɗa. Wannan tsari yana da amfani ga wanda ya yi arba da maciji, domin haɗarin na 'yan mintoci ne. Amma kuɗin haya da kuɗin makarantar yara ba sa wucewa cikin mintoci. Idan fargaba ta ɗauki watanni, barci yakan lalace, jini ya hau, garkuwar jiki ta yi rauni, mutum ya zama mai saurin fushi.

A 1967 likitocin ƙwaƙwalwa biyu na Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, suka jera al'amura 43 na rayuwa bisa nauyin da suke ɗora wa mutum. Mutuwar miji ko mata ta zo ta farko da maki 100, kora daga aiki ta zo ta takwas da maki 47. A 2009 kuma Karsten Paul da Klaus Moser na Jamus suka tattara sakamakon bincike fiye da 300, suka gano cewa kashi 34 cikin ɗari na marasa aiki suna fama da matsalar damuwa, alhali a cikin masu aiki kashi 16 ne.

A nan ɗalibin kimiyya ya kamata ya yi tambaya: rashin aikin ne ya haifar da damuwar, ko kuwa masu damuwa ne aka fi kora tun farko? Masana sun bi hanyoyi biyu don warware wannan. Ɗaya ita ce bin mutane ɗaya tsawon shekaru, inda aka ga lafiyar zuciyarsu tana raguwa bayan sallama, tana kuma dawowa idan sun sami sabon aiki. Ta biyu ita ce nazarin wuraren da aka rufe ko aka sallami jama'a da yawa a lokaci guda, domin a irin wannan hali ba a zaɓi rago an bar mai ƙwazo ba. Ta wannan hanya ta biyu Daniel Sullivan da Till von Wachter suka bi sawun mazan da suka daɗe a bakin aiki aka sallame su a jihar Pennsylvania ta Amurka cikin shekarun 1980. Rahotonsu na 2009 ya nuna yawan mace-mace a cikinsu ya ƙaru da kashi 50 zuwa 100 cikin ɗari a shekarar farko, kuma ko bayan shekara ashirin ƙarin bai gushe baki ɗaya ba. Waɗannan alƙaluma na taron jama'a ne a wata ƙasa, ba hukunci ba ne a kan kowane mutum, amma sun isa su nuna cewa rasa aiki batu ne na lafiya.

Ƙwarewar da ke bin mutum

Masanin tattalin arziki Gary Becker, a littafinsa na 1964, ya raba ƙwarewar ma'aikaci gida biyu. Akwai wadda ba ta da amfani sai a wurin da aka koye ta, kamar sanin halin wani tsohon injin saƙa. Akwai kuma wadda ke bin mutum duk inda ya tafi, kamar gyaran wuta da walda da riƙe littafin kaya da iya tafiyar da mutane. Wanda ya yi shekara ashirin a wuri ɗaya yakan tara iri na farko da yawa, shi ya sa faɗuwarsa ta fi zafi. Wani bincike na 1993, shi ma a Pennsylvania, ya nuna cewa irin waɗannan ma'aikata, ko bayan shekara biyar, abin da suke samu ya gaza wanda da za su samu da kimanin kashi 25 cikin ɗari.

Saboda haka matakin farko na sauya sana'a shi ne mutum ya ajiye sunan muƙaminsa gefe, ya lissafa ayyukan da hannunsa ya iya. Wanda ya kula da injunan masaƙa ya san bel da boris da giris, kuma su ne a cikin injin niƙa da injin casar shinkafa da famfon ban-ruwa. Wanda ya yi aiki a sashen rini ya san awon sinadarai. Sabuwar sana'ar da ta yi maƙwabtaka da tsohuwa ta fi saurin kamuwa fiye da wadda za a faro daga tushe.

Ina labarin aiki yake fitowa?

Mark Granovetter ya tambayi ma'aikata 282 a garin Newton, kusa da Boston a Amurka, yadda suka sami aikinsu. Fiye da rabi suka ce ta hannun wani da suka sani. Abin mamaki, a cikin waɗanda ya bincika a kan wannan, kimanin kashi 17 cikin ɗari ne kawai suka ji labarin daga wanda suke gani a kai a kai. Sauran daga wanda suke haɗuwa da shi jefi-jefi ne, ko wanda suka daɗe ba su gani ba. Dalilin a fili yake. Aminan mutum wuri ɗaya suke zama da shi, labarin da suka ji shi ma ya ji, idan kuma masaƙa ɗaya suka yi wa aiki, tare aka sallame su. Tsohon abokin makaranta da ke wani gari ko dillalin da aka taɓa ciniki da shi, su ne ke da labarin da bai iso majalisar unguwa ba. A 2022 mujallar Science ta buga wani gwaji da aka yi a kan mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, wanda ya ƙarfafa wannan ra'ayi, ya kuma nuna cewa sanayya mai matsakaicin nisa ce ta fi kawo aiki.

Matsalar ita ce kunya takan sa wanda aka sallama ya ɓoye kansa, ya daina zuwa ɗaurin aure da suna da taron tsofaffin ɗalibai, wato ya toshe ainihin ƙofar da labarin zai shigo.

Shirin tarbar "babu"

Daga shekarun 1980 masana a Jami'ar Mishigan, cikinsu da Robert Caplan da Amiram Vinokur da Richard Price, suka gwada wani gajeren horo mai suna JOBS. Suka raba masu neman aiki gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya aka ba su takardar shawarwari kawai, ɗayan kuma suka halarci zaman horo cikin rukuni. A zaman ana koya musu gano ƙwarewarsu da gwada amsa tambayoyin ɗaukar aiki, sannan kowa ya faɗi tun da wuri irin cikas ɗin da zai iya fuskanta da abin da zai yi idan an ce masa babu gurbi. Masanan suka kwatanta wannan da allurar rigakafi. Da aka bi sawunsu bayan shekara biyu da rabi, waɗanda suka sami horon sun fi samun kuɗi, alamun ciwon damuwa kuma sun fi sauƙi a cikinsu. An maimaita shirin a ƙasar Finlan an sami sakamako makamancin wannan.

Matakan da suka dace a Nijeriya

Da fari mutum ya san haƙƙinsa. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya sanar da ƙungiyar ma'aikata dalilin rage su da yawan waɗanda abin zai shafa, ya kuma yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama. Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, bai kuma sami wani ba cikin wata huɗu, damar cirar abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusun fanshonsa ba. Irin wannan kuɗi jari ne, yana bukatar a zauna da iyali a yi lissafinsa kafin a taɓa.

Na biyu ya maido wa yininsa tsari: lokacin tashi tsayayye, sa'o'in neman aiki, motsa jiki, da wata hidima ta jama'a ko da babu biya. Hausawa na cewa da zaman banza gara aikin kishiya. Na uku ya nemi horo inda ake bayarwa, kamar shirin koyon sana'a na Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, wadda ta fara aiki a 1987, ko asusun horar da ma'aikata na ITF da aka kafa a 1971, ko kuma shagon wani gwani a kasuwa, ko da ya girme shi. Na huɗu, idan rashin barci da ƙuncin zuciya suka wuce mako biyu ba sassauci, ko tunanin cutar da kai ya shigo, to a garzaya asibiti, domin ciwon damuwa yana da magani.

Kammalawa

Ɗaliban da iyayensu suka rasa aiki za su iya ganin mahaifi ya yi shiru ko ya yawaita faɗa, su ɗauka laifinsu ne. Binciken da aka kawo a sama ya nuna wannan hali sananne ne, yana da dalili a jiki da zuciya, kuma yakan sauƙaƙa idan abin yi ya samu. Malamai kuwa suna da damar nuna wa ɗalibai tun suna aji cewa ma'aikata tana iya rufewa, kamar yadda ta faru a Marienthal da Kakuri, don haka lissafi da iya rubutu da aikin hannu da kyautata hulɗa da jama'a su ne guzurin da ya kamata kowa ya fita da shi daga makaranta.